Warin Taba a Littattafan Hedimasta

Mutumin da unguwarmu ta sani da Malam Sai-dai bai taɓa yabon littafi ya tsaya a nan ba. Zai ce bangon yana da ƙarfi, sai dai kusurwarsa ta lanƙwashe. Zai ce shafukan sun cika, sai dai wani ya taɓa ɗora kofin shayi a kan gabatarwa. Daga wannan ɗabi'a sunan ya fito, kuma ya bi shi har ya danne na yanka. Na daɗe ina sayen tsofaffin littattafai a wurinsa, na kuma zauna a shagonsa fiye da yadda aikina ya bukata. Abin da zan kawo a nan na ga mafi yawansa da idona, sauran kuwa na ji daga bakin waɗanda abin ya shafa, na auna maganar wannan da ta wancan kafin in rubuta.

Shi ne auta a ɗakinsu. Mahaifiyarsu ta rasu yana ƙarami, yayarsa mace ce ta raine shi, kuma har gashin kansa ya yi fari ba ta daina kiransa Auta ba, shi ma bai daina tashi tsaye idan ta shigo ba. Ƙuruciyarsa duka a maɗaba'a ya yi ta, yana aikin duba kurakurai kafin a buga. Waɗanda suka yi aiki tare da shi sun gaya mini ya taɓa tsayar da inji ana tsakiyar bugu saboda waƙafi ɗaya da ya zauna inda bai kamata ba. Da maɗaba'ar ta rufe, ya koma sayar da tsofaffin littattafai, da farko a kan tebur a bakin titi, daga baya ta intanet. Yaya ce ta ba shi ɗakin da ke gaban gidanta, mai ƙofa a titi, tsakanin shagon tela da babbar ƙofar gidan. Ɗaki ne matsattse mai taga ɗaya. Ba shi da wani wurin da zai zuba kayansa idan ya rasa shi, domin gidan hayarsa ciki da falo ne, kuma matarsa ta riga ta rantse ba za ta sake kwana da kwalaye a kanta ba.

Yadda yake aiki ne ya kamata a fahimta. Idan littafi ya shigo hannunsa, sai ya kama shi ta bango ya girgiza, ya ga abin da zai faɗo. Sannan ya buɗe shi shafi bayan shafi yana ɗaga kowanne ga hasken taga. A ƙarshe ya kai shi hanci, ya rufe ido, ya shaƙa. Bayan duk wannan ne zai ɗauki hoto da wayarsa, ya gyara tabarau, ya rubuta bayani da yatsa ɗaya. Wani ƙamus da na nema na tsawon lokaci ya taɓa faɗowa hannunsa, ga abin da ya rubuta a ƙarƙashin hotonsa: "Ɗinkinsa lafiya, babu shafin da ya ɓata. Sai dai gara ta ɗan lasa gefen shafukan ƙarshe, ba ta kai ga rubutu ba. Akwai tabon mai a harafin K. Wani ya ja layi da fensir a wurare da dama, hannunsa kuma na rawa." Wannan bayani ya sa na ja da baya na makonni. Da na je na ga ƙamus ɗin, sai da na roƙe shi ya nuna mini tabon, ya kuwa nuna mini wani ɗigo da bai kai ƙwayar gero ba.

"Malam, wannan ai korar masu saye kake yi," na ce masa.

"Wanda ya zo nan yana da ido da hannu da hanci," ya ce. "Wanda ke can cikin waya kuwa hoto kawai yake gani. Ni ne hannunsa, ni ne hancinsa. Kana so in ba shi hancin da ke mura?"

Har yau dai ina ganin akwai tazara tsakanin gaskiya da tonon silili, kuma Malam Sai-dai bai taɓa auna faɗin wannan tazara ba.

Mijin Yaya tsohon shugaban makarantar sakandare ne, kowa Hedimasta yake ce masa. Mutum ne mai kwarjini wanda ɗalibansa suka bazu ko'ina. A shekarun baya yana shan taba sigari ba ɓoyo, har likita ya duba huhunsa ya ce ko ya bari ko ta kai shi. Yaya ta ɗauki wannan yaƙi a matsayin nata. Ta kwashe kwalayen taba ta zubar, ta hana masu kanti na kusa sayar masa, ta kuma tsaya a gaban ƙannensa maza, waɗanda ba su taɓa ganin ta isa da ɗan'uwansu ba, ta ce musu ya bari, kuma ita ce ta sa ya bari. Ta maimaita wannan magana shekara da shekaru har ta zama wani ɓangare na mutuncinta. Hedimasta kuwa, tun da ya yi ritaya, yana da wani ɗan ɗaki a bayan gida inda yake rufe ƙofa ya ce nazari yake yi, kada a dame shi. Ciwon huhu ne ya yi ajalinsa, Allah ya jiƙansa. A wurin gaisuwa na ji Yaya da kunnena tana cewa tsohuwar ɓarna ce ta taso, domin mutumin ya daɗe rabonsa da taba.

Bayan an share makoki, ta yanke shawarar raba littattafansa. Ba neman abin duniya ya sa ta ba. Burinta shi ne a sa su a shafin Auta na intanet da sunan marigayin, tsofaffin ɗalibansa su gani, kowa ya mallaki ɗaya ya riƙa tunawa da shi. Kowane littafi yana ɗauke da sa hannunsa a shafin farko da jar tawada. Aka kwaso su cikin kwalaye aka jibge a shagon, suka cinye kusan rabin ɗakin.

Ina nan ranar da ya buɗe kwali na farko, Tela ma ya leƙo da almakashi a hannu. Ba a bukaci hancin Malam Sai-dai ba. Warin ya tashi kamar an buɗe bakin tsohon mashayi. Ya girgiza littafi ɗaya, toka ta zubo daga tsakiyarsa. Ya ɗaga wani ga taga, sai ga haske yana ratsowa ta wata 'yar huda mai baƙin baki. Ya duba shekarar bugun, littafin sabon fitowa ne, an buga shi da daɗewa bayan lokacin da aka ce Hedimasta ya bari.

Tela ya ja hanci ya ce, "Lallai nazarin nan ya yi hayaƙi."

"Koma kan ɗinkinka," in ji Malam Sai-dai, murya ƙasa-ƙasa. "Kuma ka ɗinke bakinka tare da shi."

Ya zauna ya rubuta bayanin littafin farko, amma bai sa a shafin ba. Ya kai wa Yaya ta gani tukuna, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. Ba a jima ba sai ga ta ta fito da wayar a hannu, shi yana biye.

"Malam, kai da ka yi boko mai zurfi, karanta mini wannan," ta ce, tana miƙo mini wayar. "Ko idona ne ya fara mutuwa?"

Na karanta. Ya yabi ɗinkin, ya ambaci sa hannun marigayin, sannan ya ce akwai warin taba sigari mai ƙarfi da toka a tsakanin shafuka, don haka mai cutar asma ya yi hattara.

"To ka ji," ta ce. "Mutum yana kabarinsa, ƙanina na cikinmu ɗaya zai hau intanet ya kunna masa sigari."

"Yaya, ban ce ga wanda ya sha ba."

"Sunan wa ke shafin farko? Nawa? Ka rubuta warin ajiya. Kowane tsohon littafi yana warin ajiya."

"Warin ajiya daban ne, Yaya. Shi danshi ne da ƙura. Wannan kuwa..."

"Kai ne za ka koya mini wari? Ni da na wanke maka majina har ka yi wayo? Goge kalmomin nan."

"Idan na goge, wani ya saya ya buɗe a ɗakin yaronsa mai asma fa?"

"Idan ba ka goge ba, ƙannen mijina su gani su ce ga shi nan, dama ƙarya take yi, ita ta bar shi ya kashe kansa fa? Wannan bai dame ka ba?" Ta juya za ta shiga, sai ta tsaya a bakin ƙofa. "Ka ji ni da kyau, Auta. Ranar da kalmar taba ta hau kan littafin mijina shi kaɗai, ranar za ka kawo mini makullin ɗakin nan. Kuma kada ka ce za ka mayar mini da su cikin gida. Nan na ajiye su, nan za su zauna sai ka sayar."

Daga nan aka shiga wani zama da ban taɓa ganin irinsa ba wajen ɓata lokacin mutane masu hankali. Malam Sai-dai ya ƙudura cewa idan ya kashe warin, rikici ya ƙare. Ya shanya littattafan a inuwa a buɗe kamar tattabaru. Ya rufe wasu cikin kwali da gawayi. Ya sa wa wasu fanka. Ya bi shafi-shafi da burushi mai laushi yana share toka. Warin ya ragu, amma duk lokacin da ya kai littafi hanci sai ya girgiza kai. Matarsa ta ba shi shawarar ya fesa turare, ya ce to sai ya rubuta akwai warin taba da aka yi ƙoƙarin rufewa da turare.

Aka sa ni shiga tsakani, na kuwa yi nadamar yarda. Na je wurinsa da kalmomi iri-iri. Na ce ya rubuta warin hayaƙi kawai, ya ce mai karatu zai ɗauka gobara ce, ya zaci shafukan sun gasu. Na ce ya gaya wa duk wanda ya nemi saye a asirce, ya ce abin da ba za a iya rubutawa a fili ba ai ɓoyo ne da ya sa riga. Na ce ya sayar wa masu zuwa shago kawai su shaƙa da kansu, Yaya ta ce ɗaliban mijinta suna nesa, kuma ba ta yarda a raba su kamar kayan gwanjo ba. Na koma wurinta na ce mutane ba za su ɗauki abin da zafi ba, ta dube ni ta ce, "Kai ka taɓa zama da dangin miji?" Na yarda ban taɓa ba.

'Yarta ta fari, wadda ke aikin jinya a asibiti, ana ce mata Nas, ta tare ni a bakin ƙofa wata rana da ta zo gaishe da mahaifiyarta.

"Malam, kada ka wahalar da kanka," ta ce. "Duk mun sani. Tun muna makaranta muke jin warin a rigarsa. Mama ma ta sani, ita ke wanke labulen ɗakin."

"To me ya sa ba za ki gaya mata kun sani ba?"

"In gaya mata me? Ta san mun sani, mu ma mun san ta sani. Abin da ba ta so shi ne a rubuta. Kawu kuwa idan bai rubuta ba ba zai yi barci ba. Jini ɗaya ne, Malam. Dutse biyu ka shiga tsakani."

Haka aka zauna, ba a sayar ba, ba a kwashe ba. Damina ta shigo, dole ya riƙa rufe taga da ƙofa saboda danshi. Ɗaki matsattse, rabinsa littattafan Hedimasta, rabinsa nasa. Wata safiya ya ɗauko wani littafin lissafi daga kantarsa don ya aika wa wanda ya saya, ya kai hanci kamar yadda ya saba, sai ya tsaya. Ya ɗauko wani, ya ɗauko wani. Takarda tana shan wari kamar yadda soso ke shan ruwa, kayansa duka sun ɗauka. Ya ba ni wasu na shaƙa. A gaskiya wasu na ji, wasu kuwa ban ji komai ba sai takarda, na kuma faɗa masa haka.

"Hancinka ya saba da ɗakin," ya ce.

Ya kira mai sayen littafin lissafin ya sanar da shi. Sannan ya zauna ya bi duk abin da ke shafinsa, ɗaya bayan ɗaya, ya ƙara layi guda a ƙarƙashin kowanne: akwai ɗan warin taba sigari. Littafin girki, littafin koyon ɗinki, tatsuniyoyin yara, babu wanda ya tsira. Na ce masa ya kashe kasuwarsa da hannunsa saboda warin da sai an rufe ido ake ji, ya ce ai shi da rufe ido yake ji.

Ciniki ya ja baya, wannan kowa ya zata. Abin da ba wanda ya zata shi ne fassarar da mutane suka yi wa layin. Mutum ɗaya ne ke zama a ɗakin daga safe zuwa yamma, ƙofa a rufe, taga a rufe, kayansa duka suna warin taba, kuma shi da kansa ya shelanta. Unguwa ta haɗa biyu da biyu. Malam Sai-dai, wanda ko hayaƙin mota ya shaƙa sai ya yi tari, ya zama mashayin ɓoye. Mai kanti ya fara yi masa murmushin sirri yana nuna masa sabon kwalin taba da ido. Tela, wanda ya san gaskiyar sarai, ya fi kowa jin daɗi.

"Malam, ko kana da ashana?" yakan ce idan ya ga mutane sun taru. "Af, na manta, kai ai ba a fili kake yi ba."

Matarsa ta zo shagon ranta a ɓace. "Mata suna yi mini jaje," ta ce. "Wata har ta ba ni sunan maganin da mijinta ya sha ya bari. Ka buɗe baki ka ce ba kai ba ne mana!"

"Idan na ce ba ni ba ne, za a ce to wane ne."

"Sai ka bari a ɓata maka suna da tsufanka?"

Ya ci gaba da share bangon wani littafi da tsumma.

Maganar ta isa kunnen Yaya. Ta shigo shagon da hantsi, ni ina zaune ina duba wata taswira. Ya tashi tsaye. Ta tsaya tana kallon kantoci, ta ɗauki littafin tatsuniyoyi ta shaƙa, ta ajiye.

"An ce ka fara shan taba."

"Haka na ji, Yaya."

"Kuma ba ka musa ba."

"Ba wanda ya tambaye ni."

Na ga tana lissafin abin a ranta, kuma na ga lokacin da lissafin ya fita.

"Yanzu duk littafin da ke ɗakin nan haka ka rubuta masa?"

"Duka."

"To sa na mijina. Ka rubuta musu abin da ka rubuta wa sauran, kada ka ƙara, kada ka rage."

"Nasa sun fi ƙarfi, Yaya. Zan ce mai ƙarfi. Masu huda kuma zan ce akwai ƙuna."

"Ka ce. Wanda ke shan taba a kan kaya ai dole ya ƙona wasu."

"Amma idan wani ya tambaye ni daga ina warin ya fito, zan faɗa masa."

"Wa zai tambaye ka abin da duk unguwa ta riga ta sani?" ta ce, ta gyara mayafi ta fita.

Na dube shi na ce, "Malam, ka gane abin da aka yi yanzu? An ɗora maka kayan wani, kai kuma ka sunkuya."

"Bayanin da zan rubuta akwai ƙarya a ciki?"

"Babu."

"Mai asma zai san abin da zai saya?"

"Zai sani."

"To ni aikina halin littafi ne."

Ya sa su a shafin da sunan Hedimasta, kowanne da hoton jar tawadar da layinsa na gargaɗi. Tsofaffin ɗalibai suka yi rububi. Ɗaya daga cikinsu, bayan littafinsa ya isa, ya rubuta a fili inda kowa zai gani cewa abin kunya ne a damƙa wa mutum amanar littattafan bawan Allah irin Hedimasta ya turare su da sigari, har da ƙuna. Wasu suka mara masa baya. Malam Sai-dai ya karanta, ya sake karantawa, ya cire tabarau ya goge.

"Ba za ka ba shi amsa ba?" na tambaya.

"Na duba, babu alamar tambaya a ciki," ya ce. "Zagi ne kawai."

Littattafan suka ƙare, ba wanda ya tambaya. Makullin yana nan a aljihunsa, rabin ɗakin ya dawo hannunsa. Na yi ta juya lamarin ban iya cewa ga wanda ya yi nasara ba, kuma har yanzu raina yana ɓaci idan na tuna yawan kai-da-kawowar da na yi a banza tsakanin mutum biyu da ba su taɓa nufin saurarona ba.

Ranar da ƙannen Hedimasta suka zo yi wa Yaya godiya kan yadda aka raba littattafan, ta rako su har titi. Malam Sai-dai ya fito ya gaishe su. Ta dube shi daga sama har ƙasa a gabansu, ta girgiza kai cikin tausayi.

"Auta, ka dubi Allah ka bar abin nan," ta ce. "Ɗan'uwansu ma da ƙyar na raba shi da ita. Ba ni da ƙarfin sake wani yaƙin."

Babban cikinsu ya dafa kafaɗarsa ya ce ya ji maganar yayarsa, domin mace ce da ta san kan wannan aiki. Tela ya kifa kansa a kan keken ɗinki, kafaɗunsa suna rawa don dariya. Malam Sai-dai ya buɗe baki, ya dubi Yaya, ya rufe.

"To, Yaya," ya ce.